Hoton matar da ta fille kanta tana shayar da wasu jininta: wa ya san labarinsa?

Ummu_Nabila:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya, kuma a yi mini uzuri idan ta yi wa wani nauyi. Watan jiya muka dawo daga Indiya, na raka mahaifiyata aikin gwiwa, mun yi mako bakwai a Delhi. Kusa da masaukinmu akwai ɗan shagon da ake sayar da turaren tsinke, furanni da hotunan abubuwan bautarsu. Kullum ta nan nake bi in sayo wa Hajiya kayan marmari. Yawancin hotunan na saba da su tun a fina-finai: mai kan giwa, mai busa sarewa, mai hannaye da yawa a kan zaki. Amma akwai guda ɗaya da ya tsaya mini a rai. Mace ce ja wur, a tsaye, babu kai a wuyanta. Kan yana tafin hannunta na hagu, wuƙa tana hannun dama. Jini na tsartuwa daga wuyan gida uku: ɗaya yana shiga bakin kan da ta riƙe, biyu suna shiga bakin wasu mata biyu da ke gefenta. A ƙarƙashin ƙafarta kuma mace da namiji ne a kwance. Ranar farko tsigar jikina ta tashi, na kau da kai na yi ta'awizi. Amma har muka dawo abin bai bar ni ba. Ba don sha'awar addininsu nake tambaya ba, Allah ya sani. So nake in ji me mutane masu hankali suke gani a wannan hoton har suke ajiye shi.

Ɗan_Kantin_Kwari:
Wa'alaikumus salam. Ai Kali ce wannan, Hajiya. Ita ce mai zaro harshe da sarƙar ƙoƙon kawuna. Na sha ganinta a Mumbai idan na je sarin kaya.

Ɗalibi_a_Ranci:
A'a Alhaji, ba Kali ba ce, ko da yake gida ɗaya suke. Kali baƙa ce ko shuɗiya, kanta yana wuyanta, kan da take riƙewa na wani ne, kuma mijinta Shiba, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu, take takawa. Wadda Anti ta gani sunanta Cinnamasta. A harshen Sanskirit, tsohon harshen littattafan addininsu, "cinna" yankakke ne, "masta" kuma kai. Wato mai yankakken kai. Shekarata ta huɗu ke nan ina karatu a Ranci, babban birnin jihar Jarkand, kuma wurin bautarta mafi shahara yana jihar nan, a Rajarappa, tafiyar kamar awa biyu a mota daga inda nake. Na taɓa zuwa da abokan karatu. Bari in fito daga aji in ba ku labarin yadda su suke ba da shi.

Malam_NaZaure:
Kafin a yi nisa. Ni ban ga amfanin zama a yi ta fassara gunki ba. Shirka ce, mun sani, an gama. Lokacin da za a ɓata a nan da karatun Alƙur'ani aka yi da shi ya fi. Kuma ina jan hankalin masu rubutu, kada wani ya zo ya ce mana "allahiya". Babu abin bautawa da gaskiya sai Allah.

Mai_Tarihi:
Allah ya gafarta Malam, a kan aƙida babu mai jayayya da kai a zauren nan. Kalmar ma na yarda, a ce "abar bautarsu" ya wadatar. Amma sanin abin da wasu suka yarda da shi ba baƙon abu ba ne a wurin malamanmu. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a shekarar 973, ya zauna ya koyi Sanskirit, ya yi hira da malaman Hindu, ya rubuta babban littafi a kan addininsu da lissafinsu da al'adunsu wajen shekarar 1030. Har littafin yoga na Patanjali ya mayar Larabci. Bai bar Musulunci ba, kuma bai cika littafin da zagi ba, ya kawo maganarsu yadda suke faɗinta. Wani malamin Musulunci, Shaharastani, shi ma ya yi irin wannan aikin a kan addinai da ƙungiyoyi. Baiwar Allah ta yi mako bakwai a ƙasar mutane, sun yi wa mahaifiyarta aiki, ta ga abu ta tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Malam_NaZaure:
Na ji, kuma na san Biruni. Sai dai shi malami ne da ya ƙoshi kafin ya shiga. Zauren nan akwai yara. Ban hana ba, amma duk mai bayani ya riƙa cewa "a wurinsu" ko "suna cewa", kada labari ya rikiɗe ya zama kamar wa'azi. Kuma kada a yi zagi, aya ta 108 a Suratul An'am ta hana mu zagin abin da wasu suke bauta wa.

Ɗalibi_a_Ranci:
Na karɓi sharaɗin Baba Malam. To, a wurinsu labarin da ya fi yawo shi ne wannan. Wata rana Parbati, matar Shiba, ta je wanka kogin Mandakini da hadimanta biyu, Jaya da Bijaya, waɗanda kuma ake kira Dakini da Barnini. Wanka ya yi tsawo, yunwa ta kama hadiman, suka roƙe ta abinci. Ta ce su yi haƙuri sai an koma gida. Suka jira, suka sake roƙo, ta sake ba su haƙuri. A karo na gaba suka tuna mata cewa ita ce uwar duniya, ɗa kuma ba shi da wurin kai kukan yunwa sai wurin uwarsa. Suna cewa sai ta yi murmushi, ta sa farcenta ta fille kanta, kan ya faɗo a tafin hannunta na hagu, jini ya fito gida uku. Biyu suka ciyar da hadiman, na tsakiya ita ta sha. Da kowa ya ƙoshi ta mayar da kan wuyanta suka koma gida.

Abin lura a nan, ba yaƙi aka yi ba, ba wani ne ya sare ta ba, kuma ba ta mutu ba. Shi ya sa idan Anti ta tuna, fuskar kan nan ba ta nuna azaba.

Ummu_Nabila:
Wallahi haka ne. Abin da ya fi ɗaure mini kai ke nan. Idanun a buɗe, fuskar kamar mai shan ruwan sanyi.

Bakatsiniya_77:
Ni dai ko da labarin, hoton ya yi muni. In tausayi ake son nunawa, a zana uwa tana shayar da jariri mana. Me ya kawo wuƙa da jini?

Ungozoma_Damagaram:
'Yar'uwa, ni kuwa da na karanta abin da ɗana na Ranci ya rubuta sai da na ajiye wayar na yi shiru. Shekara ashirin da wani abu ina karɓar haihuwa. Wanda bai taɓa tsayawa a ɗakin haihuwa ba shi ne yake zaton uwa da jariri hoto ne mai tsabta. Jini ne, tun daga farko har ƙarshe. Wata tara ɗan yana ci daga jinin uwarsa ta mabiyiya. Ranar fitowarsa ta zubar da jini, wata ta tashi, wata ba ta tashi ba, na rufe idon waɗanda ba su tashi ba da hannuna. Bayan nan nono, shi ma daga jikinta ake tatsarsa. A shekarar da hatsi ya yi wuya na ga mata sun rame har ƙashin wuya ya fito, amma yaron da ke goye kumatunsa cike. Na ga uwar da ke zuba wa yara tuwo ta ce ita ta riga ta ci, alhali tun jiya ruwa ne a cikinta. Ba na bautar gunki, Allah ya tsare ni, amma wanda ya fara zana hoton nan ya san abin da uwa take bayarwa. Bai yi ƙarya a wannan ba.

Bakatsiniya_77:
Inna, kin sa jikina ya yi sanyi. Allah ya saka wa iyayenmu da Aljanna.

Sarkin_Karatu:
Amin. Amma kada mu mayar da ita uwar goyo kawai, don su kansu ba a nan suka tsaya ba. Cinnamasta ɗaya ce daga cikin goma da suke kira Mahabidya, ma'ana manyan ilimomi ko manyan hikimomi. Ga su yadda aka fi jera su: Kali, Tara, Tiripura Sundari, Bubaneshwari, Bairabi, Cinnamasta, Dumabati, Bagalamuki, Matangi da Kamala. Suna cewa duk fuskoki ne na abu guda, wato Shakti, ƙarfin da suke ɗauka na mace ne kuma shi ke motsa duniya. Labarin fitowarsu ma na fushi ne. Sati, matar Shiba ta farko, ta ji mahaifinta Daksha ya shirya babbar hadaya bai gayyace su ba. Ta ce za ta je, Shiba ya hana. Ta fusata ta rikiɗe, ya tsorata zai gudu, sai ta rabu gida goma ta tare shi ta kowace kusurwa. Ku duba jerin da kyau. Kamala kyakkyawa ce a kan furen bado, ita ce ta arziki. Amma Dumabati tsohuwa ce wadda mijinta ya mutu, mai yunwa, a keken da babu doki, tutarta hankaka. Matangi sauran abincin da aka ci aka rage ake kai mata, abin da a al'adarsu ƙazanta ne. Bagalamuki tana jan harshen abokin gaba. Da gangan aka tara abin da mutum yake gudu: takaba, tsufa, ƙazanta, jini, maƙabarta. Hanyar ibadar da goman nan suke cikinta, wadda ake kira tantara, tana cewa wanda yake ganin gaskiya a kyakkyawan abu kaɗai bai gan ta ba tukuna. Don haka tambayar Bakatsiniya tana kan hanya: an so hoton ya firgita mai kallo.

Ɗan_Kantin_Kwari:
To ni abin da na sani, tantara tsafi ne. A can ma idan ka ce wa mutum "tantirik" kallon boka ake yi masa. Wani abokin cinikina ya ce mini kada in yarda in kusanci irin waɗannan mutanen.

Ɗalibi_a_Ranci:
Abokinka bai yi ƙarya ba, Alhaji, a bakin mutanen titi kalmar ta koma ma'anar boka, kuma akwai 'yan damfara da masu mugun aiki da ke fakewa da ita, jaridu suna kawo labarin kama su. Amma asalin kalmar sunan wasu littattafai ne da hanyar ibada da ke cikinsu: kalmomin da ake maimaitawa, zanen da ake zuba wa ido, sarrafa numfashi, da karɓar izini daga malami. Suna raba ta biyu, hanyar dama da hanyar hagu. Ta hagu ita ce ta jawo mata suna, don a cikinta ake amfani da abubuwa biyar da sauran 'yan Hindu masu tsantseni suke ƙyama, ciki har da giya, nama, kifi da saduwa. 'Yan hanyar dama suna musanya waɗannan da wasu abubuwa ko su ɗauke su a matsayin ishara. Mafi yawan waɗanda na sani a nan ba ruwansu da ko ɗaya, suna zuwa wurin bauta ne su roƙi lafiya da haihuwa da cin jarabawa.

Kuma Anti, ba kasafai ake rataye hoton Cinnamasta a ɗaki ba. Wata abokiyar karatuna ta ce kakarta ba za ta yarda a shigo da shi gida ba, wai zafinta ya fi ƙarfin mai iyali, sai waɗanda suka bar duniya. Wuraren bautarta ma kaɗan ne idan aka kwatanta da na Durga, waccan mai hannaye da yawa a kan zaki, ko Kali.

Yar_Gidan_Liman:
Ni mutanen da ke ƙarƙashin ƙafarta nake son a yi bayani, in da hali cikin sakaya.

Sarkin_Karatu:
Kama ne da matarsa Rati. Kama shi ne abin bautarsu na sha'awa, Rati kuma jin daɗi. An zana su a kan furen bado suna kwanciyar aure, ita kuma tana tsaye a kansu. Fassara biyu ce, kuma ba su jitu ba. Wasu sun ce ta take sha'awa ne, ta fi ƙarfinta, kamar yadda mahayi yake danne doki. Wasu sun ce a'a, daga wurinsu take samun ƙarfin, kamar yadda itace yake sha daga ƙasa: sha'awa ta haifar da rai, rai ya hau jikinta, ya fita ta wuyanta ya ciyar da wasu. A wannan fassarar hoton gaba ɗaya zagaye ne, haihuwa da ci da mutuwa a tsaye wuri guda, kowane mai rai yana rayuwa da ran wani.

Yar_Gidan_Liman:
Ta farkon ta fi shiga hankali. Wanda ya taka abu ai ya rinjaye shi ne.

Sarkin_Karatu:
A idonmu haka ne. Amma Kali ma tana taka Shiba, kuma ba wanda ya ce ƙiyayya ce tsakaninsu. Taku a zanensu ba kullum yake nufin wulaƙanci ba.

Mai_Tarihi:
Bari in kawo wani abu da harshenmu ya sauƙaƙa mana, wanda Bature sai ya yi dogon bayani kafin ya kai gare shi. A Hausa kalma ɗaya ce "kai": kan da ke wuya, da kai na mutum. Muna cewa son kai, girman kai, ji da kai, ɗaga kai. Muna kuma cewa sadaukar da kai, ƙasƙantar da kai, ba da kai. Ko taken da Ummu_Nabila ta sa, "ta fille kanta", ana iya jin sa ta fuska biyu. To babbar fassarar da masu wannan hanya suke yi wa hoton ita ce wannan ɗin. Kai shi ne mazaunin "ni": sunana, fuskata, matsayina, tunanin da ba ya tsayawa. Suna cewa mai neman sani sai ya cire wannan "ni" ɗin da hannunsa, ba wanda zai cire masa. Abin da hoton yake ƙarawa shi ne, bayan an cire, mutum bai faɗi ba. Yana tsaye, yana gani, har yana ciyar da wasu. Abin da ake tsoro ya faru, kuma ba a mutu ba.

Malam_NaZaure:
Yaƙi da son zuciya muna da shi cikakke, ba mu buƙatar aro. Kuma a kula, kada yaro ya karanta ya ɗauka cutar da jiki ibada ce. Jiki amana ne.

Mai_Tarihi:
Gaskiya ne Malam, kuma ba aro nake nufi ba. Nunawa na yi cewa abin da ya yi kama da hauka daga nesa yana da tunani a bayansa, ko da ba mu yarda da tushensa ba.

Nas_Bello_Kd:
Ƙari a kan maganar Mai_Tarihi. Ina ɗan yin motsa jiki na yoga saboda ciwon baya, daga nan na karanta yadda suke kallon jiki. Suna cewa akwai hanyoyin iska a jikin mutum har 72,000, amma uku ne manya: Ida ta hagu mai alaƙa da wata, Pingala ta dama mai alaƙa da rana, da Sushumna ta tsakiya da ke bin gadon baya. Akwai kuma wani ƙarfi da suke kira kundalini, wai yana naɗe kamar maciji a gindin ƙashin baya, idan aka tashe shi sai ya bi ta tsakiya ya hau har ƙoƙon kai. Tsartuwar jini uku a hoton su ne hanyoyin nan uku, matan biyu su ne hagu da dama, ita ce ta tsakiya. Fillewar kan kuma ita ce isowar ƙarfin can sama. A matsayina na ma'aikacin jinya ina faɗa a fili, waɗannan ba jijiyoyi ba ne da za a gani idan an buɗe jiki, taswira ce ta masu zuzzurfan tunani. Amma ta bayyana dalilin da ya sa uku ne, ba biyu ko huɗu ba.

Bakatsiniya_77:
To ni ga abin da ke damuna. Ƙasar da ake bauta wa mace har fuska goma, ita ce kuma aka riƙa ƙona mace da gawar mijinta. Yaya wannan?

Mai_Tarihi:
Tambaya mai nauyi. Al'adar ta wanzu, kuma sunanta sati, sunan waccan matar Shiba da ta halaka kanta a wurin hadayar mahaifinta. Ba ko'ina aka yi ta ba, ta fi yawa a wasu yankuna da wasu zuriyoyi. An haramta ta a 1829 zamanin William Bentinck, babban gwamnan Turawan Ingila a Indiya, kuma cikin waɗanda suka fi yaƙarta akwai ɗan Hindu, Ram Mohan Roy, mutumin Bengal. A 1987 aka sake yin wata a jihar Rajastan, ƙasar ta ɗauki zafi har aka yi sabuwar doka mai tsanani. Girmama mace a hoto bai taɓa zama lamunin girmama ta a gida ba. Matan Indiya da kansu suna wannan muhawarar: wasu suna ɗaukar Kali da 'yan'uwanta a matsayin tutar ƙarfin mace, wasu suna cewa hoton macen da ke yanka kanta don wasu su ƙoshi shi ne ainihin abin da aka daɗe ana nema daga mata.

Ungozoma_Damagaram:
Wannan magana ta biyu ita ce ta sa na dawo. Da jinin gida biyu ne kawai, da na yarda da su ɗari bisa ɗari. Amma ku sake duba abin da Ummu_Nabila ta faɗa tun farko: gida uku ne, kuma na tsakiya bakinta yake shiga. Ta ci ita ma. Abin da nake faɗa wa masu jego kullum ke nan, su sha kunun kanwarsu, su ci naman da aka dafa musu, kada su tura wa yara da maigida. Uwar da ba ta ci ba nononta ƙafewa yake yi. Matan da na ce na ga sun rame, ba yabonsu nake yi don sun rame ba, kuka nake yi.

Ummu_Nabila:
Inna, kamar kin san halin da na shiga. A mako bakwai ɗin nan na rame sosai. Ina kwana a kujera, ina mantawa da cin abinci, har wata ma'aikaciyar jinya ta riƙa kawo mini shayi tana tsayawa a kaina sai na shanye. Ranar da jiri ya kwashe ni a bakin ɗakin Hajiya ita ce ta ce mini in na faɗi wa zai riƙe tsohuwa. Ina ganin shi ya sa hoton ya kama ni, ban dai gane ba a lokacin.

Sarkin_Karatu:
Allah ya ba da ladan jinya. Ina dai ƙara jan hankali, fassarar Inna mai kyau ce, amma mai bin tantara zai ce ba nasiha ga masu jego ake yi ba. Shan jinin kanta a wurinsa yana nufin mai ci da abin ci da mai bayarwa duk abu guda ne, babu na biyu. Aƙida ce, kuma a nan ne muka rabu da su nesa, don mu Mahalicci daban, halitta daban.

Abban_Sumayya:
Wannan ba kamar Doguwa ba ce ta 'yan bori, mai shan jini?

Mai_Tarihi:
Kamannin na sama-sama ne. Iskokin bori ana yi musu yanka ne su sha jinin abin da aka yanka. Wannan nata jinin take bayarwa. Kuma babu wata alaƙar tarihi tsakaninsu. In dangi ake nema, suna wajen mabiya Buddha na Tibet da Nepal. Suna da Cinnamunda, wata siffa ta abar bautarsu Bajrayogini, ita ma riƙe da kanta, jini gida uku, mata biyu a gefe, sai dai galibi babu Kama da Rati a ƙasa. Suna kuma da labarin 'yan'uwa mata biyu, Mekala da Kanakala, cikin manyan waliyyansu 84, waɗanda aka ce sun fille kawunansu suka miƙa wa malaminsu Kanhapa, suka yi rawa. Wani masani ɗan Bengal, Benoytosh Bhattacharyya, ya tafi a kan cewa 'yan Hindu daga mabiya Buddha suka karɓo ta, kuma ana bauta mata tun ƙarni na 7. Wasu masanan ba su yarda ba, suna ganin ɓangarorin biyu daga rijiya ɗaya suka ɗebo.

Ɗan_Kantin_Kwari:
Ɗalibi, ka ce ka je wurin. Me ka gani da idonka? Gani ya kori ji.

Ɗalibi_a_Ranci:
Rajarappa tana gundumar Ramgar, yankin haƙar kwal ne, hanyar duk manyan motoci. Wurin bautar yana kan dutse daidai inda kogin Bairabi, wanda mutanen wurin suke kira Bera, yake zubowa cikin kogin Damodar. Ban shiga ciki ba, na tsaya a farfajiya, kuma ba wanda ya matsa mini. Abin da ya ba ni mamaki shi ne rashin abin tsoro. Kasuwa ce sosai: masu sayar da furanni ja, kwakwa, alewa, jan ƙyalle. Layi ya yi tsawo, musamman Talata da Asabar. Ga masu sabuwar mota ko babur sun kawo a sa musu albarka, ga iyaye sun kawo yara askin fari, ga 'yan biki. Ana yanka awaki, wanda ya yi alwashi ya samu biyan buƙata yakan kawo bunsuru, a sare kan da sara ɗaya, iyali su tafi da naman su dafa a bakin kogi. Mutanen ƙabilar Santal kuma suna zuwa zuba tokar mamatansu a Damodar. Kewaye da babban ɗakin akwai ƙananan ɗakuna na sauran Mahabidya. Na tambayi wata tsohuwa da ke kusa da mu a layin shayi ko ba ta tsoron siffar. Kalma ɗaya ta maimaita mini, "Ma", wato uwa. Duk bayanin kundalini da cire son kai da muke yi a nan, ban ji ko ɗaya a bakin mutanen wurin ba. Su uwa suka zo gani da buƙatunsu.

Akwai wani wurin a Cintapurni, jihar Himacal Pradesh, da kuma ɗakinta a tsaunin Kamakya da ke Guwahati a jihar Asam, inda goman duka suke da wurarensu. Bikinta na shekara yana faɗowa a watansu na Baishaka, tsakanin Afrilu da Mayu.

Yar_Gidan_Liman:
Ka ga ke nan fassarar malamai daban, abin da talaka ya riƙe daban.

Sarkin_Karatu:
Ko kuma tsohuwar ta taƙaita abin da malaman suka tsawaita. Labarin kogin Mandakini ai da kiran uwa ya juya.

Bakatsiniya_77:
Ni har yanzu ina nan a kan bakata, ba zan so ɗana ya ga hoton nan ba. Amma na daina ganin mahaukata ne suka zana shi.

Malam_NaZaure:
Na bi zaren har nan. An kiyaye sharaɗi, na gode. Ummu_Nabila, yaya jikin Hajiya? Kuma ke ma ki kula da cin abinci, maganar Ungozoma gaskiya ce ko ba hoto.

Ummu_Nabila:
Da sauƙi sosai Baba, ta fara takawa da sanda har tsakar gida. Na gode muku duka. Ɗalibi, saura abu ɗaya. Matan biyu na gefe, a hoton da na gani ɗaya baƙa ce ɗaya kuma mai haske, kuma kowacce tana riƙe da wuƙa irin tata. In yunwa ce kawai ta kawo su, me suke yi da wuƙa?

Ɗalibi_a_Ranci:
Baƙar ita ce Dakini, tana hagunta, mai hasken Barnini, tana dama. Banda wuƙar, in kin lura, a ɗaya hannun kowacce akwai ƙoƙon kai da aka mayar kwano. Gobe akwai darasi da wannan abokiyar karatun da na ambata, kakarta 'yar Ramgar ce, zan sa ta tambayo mana yadda tsofaffin wurin suke faɗin maganar wuƙar.